Ba ma cin naman bakin titi, amma kurfotinmu na cin daji

Daga Ankara zuwa Paga, bakin iyakarmu da Burkina Faso, tafiya ce ta sama da kilomita 800, kuma da wuya a sami wata al'umma a Ghana da ta kai mu mutanen zango zirga-zirga a wannan hanya. Direban tirela namu ne, yaron motarsa namu ne. Ga dillalin shanu da ke tashi daga Tulaku ya nufi kasuwar Buipe, ga Hajiya mai sarin doya da masara a Techiman, ga masu albasa da ke gangarowa daga Bawku da Nijar, ga ɗalibai masu komawa makaranta a Tamale, sannan ga ayarin masu zuwa gida duk Sallah. Amma fa in ka cire direbobi, kaɗan ne a cikinmu za su iya gaya maka abin da ke tsakanin Kintampo da Yapei. Dalili kuwa shi ne da dare muke bin hanyar. Bas ya tashi daga Circle bayan la'asar, a ja labule, a kunna fim, sanyin na'ura ya kama kowa ya ƙudundune, a tsaya sau biyu a kama ruwa a sayi ƙwai da burodi, gari na wayewa sai ga ka a Tamale. Ka ratsa ƙasa guda sukutum ba ka ga ko bishiya ɗaya ba.

Shawarar da nake bai wa duk mai hali ita ce ya daure ya yi wannan tafiya da rana, ko da sau ɗaya ne. Ba yawon shaƙatawa nake nufi ba, don zai sha zafi da ƙura da ramuka. So nake ya zauna kusa da taga ya dubi abin da ake sayarwa a bakin titi, domin abin da ke cikin daji shi mutanen ƙauye ke fitowa da shi su tare matafiyi. Wanda ya duba da kyau zai ga cewa dajin ƙasar nan kwashe shi ake yi buhu-buhu ana kaiwa birni, kuma mu da muke ganin babu ruwanmu da maganar namun daji, hannunmu na ciki dumu-dumu.

Kashin farko na tafiyar, daga Nsawam mai burodi zuwa Suhum da Anyinam har gindin duwatsun Kwahu a Nkawkaw, ƙasar kurmi ce, ko in ce abin da ya rage na kurmi bayan gonakin koko da ramukan 'yan galamse. Kogin Birim da ke wucewa ta wajen Anyinam ya koma kamar shayi da madara saboda wankin zinariya. A nan ne matafiyi ke fara haɗuwa da namun daji, sai dai ba a raye ba. Yaro ya ɗaga gyazbi, wanda Asantawa ke ce wa akrantiye, yana kaɗa wa motoci. Gaba kaɗan ga gafiya, ga gada an banƙare ta a kan sanda an yi mata hayaƙi har ta yi baƙi ƙirin, ga kwandunan dodon koɗi. Wani lokaci har da ɗan kunya, dabbar nan mai sulke a jiki da ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, ana riƙe da ita da ranta, alhali tana cikin dabbobin da dokar Ghana ta hana kamawa kwata-kwata, kuma tun 2017 aka haramta cinikinta tsakanin ƙasashen duniya. Doka ta kuma rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, lokacin da dabbobi da yawa ke ɗauke da ciki ko suke shayarwa. Gyazbi kaɗai aka yi wa togaciya, shi ma sai da lasisi. To, ka bi hanyar a watan Satumba ka ga ko teburin masu gada ya ragu.

Abin da ke faruwa a cikin mota idan an zo wurin nan kowa ya sani. Wasu fasinjoji su roƙi direba ya tsaya su yi ciniki, namu kuma su kau da kai, wani ya ce “a'uzubillahi, mushe”, wata Hajiya ta toshe hanci da mayafi. Gaskiya ne, naman da tarko ya shaƙe, ko wanda ba ka san wanda ya yanka ba, ba namu ba ne, ballantana an sha kokawa cewa wasu maharba da guba suke kamu. Amma daga wannan ƙyama sai muka gina wa kanmu wata fahimta mai daɗi, wai tun da ba ma saye, ƙarewar namun daji laifin maƙwabtanmu ne masu fufu da miyar akrantiye. Wannan fahimta nake so mai karatu ya riƙe a hannu har mu wuce Techiman, mu ga ko za ta kai Buipe da ranta.

Bayan Kumasi hanya ta bi ta Offinso, ta wuce Akumadan garin tumatir, ta shiga Techiman mai babbar kasuwa, sai gonakin kashu dama da hagu. Da ka kai Kintampo ƙasa ta canza: itatuwa sun gajarta, sama ta buɗe, doguwar ciyawa ta maye gurbin duhuwa. Kayan bakin titi ma sai su canza. Doya na nan, amma abin da ya mamaye ko'ina buhunan gawayi ne. Ba goma ko ashirin ba. Layi-layi suke, an ɗora wani kan wani kamar katanga, bakin kowanne an cusa ciyawa an ɗaure da igiya, ƙauye bayan ƙauye, daga Babatokuma zuwa Gulumpe da Kadelso har gadar Buipe a kan Baƙin Volta, su ci gaba zuwa mararrabar Fufulso da gadar Yapei a kan Farin Volta. A wannan tsakanin akwai ƙauyen da sunansa ma Dawadawa, wanda jin sunan kaɗai ya isa ya tuna maka da ɗorawa, kuma shi ma buhunan ne ke tarbar ka.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake gawayi ba zai ɗauka busassun rassa ake tsintowa. Ba haka ba ne. Ɗanyen icce ake kayarwa da injin yanka, a datsa shi gungume-gungume, a jera, a lulluɓe da ciyawa da ƙasa, a sa wuta ta ci a hankali kwana da kwanaki. A irin wannan turken ƙasa, kafin a cika buhu ɗaya sai an ƙone itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye, sauran ya tafi a hayaƙi. Kuma ba kowane icce mai saye ke so ba. Matar gida a Nima ko Aboabo ta san bambanci: tana ɗaga gawayi ta ji nauyinsa, ta buga ta ji ƙararsa, mara nauyi ta ce wannan toka ce kawai. Mai nauyin nan da take nema daga marke yake fitowa, da ƙirya, da kaɗanya. Ita kaɗanya kuwa sai ta shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ta fara 'ya'ya, sannan ta yi ta bayarwa har jikokin wanda ya gan ta tana ƙarama su tsufa. Injin yanka cikin 'yan mintoci yake gamawa da ita.

Su wa ke saye? Ƙidayar 2021 ta nuna cewa fiye da rabin gidajen Ghana da itace ko gawayi suke girki, kuma kusan gida ɗaya cikin huɗu gawayi ne babban makamashinsa. Mutumin ƙauye da itace yake dafa tuwonsa, gawayi kayan birni ne, kuma a cikin birni kayan unguwannin da gida ɗaya ke da ɗaki goma sha biyar da tsakar gida ɗaya, kowace ƙofa da kurfotinta. Wato unguwanninmu. Ka ƙara da sana'o'in da duk Ghana ta san mu da su: mai wake da shinkafa da ke hura wuta tun ƙarfe uku na dare, mai koko da ƙosai, mai tuwon zafi, mai tsire da balangu a bakin kowace mararraba daga Osu har Bantama, mai shayi, ga tukwanen suna da biki da sadakar arba'in. Babu ɗaya a cikinsu da ba wutar icce ce ke riƙe da shi ba. Sannan motar da ta kai kaya arewa ba ta son dawowa wayam, sai a lafta mata gawayi har ta karkace, kuma sau da yawa wanda ke riƙe da sitiyarin ɗan unguwarmu ne. Mai sayen akrantiye dabba ɗaya ya ci. Mu gidan dabbar gaba ɗaya muke sawa a kurfoti, sannan mu toshe hanci don mun ga gawarta.

Na ce gidan dabbar, don haka abin yake. 'Ya'yan kaɗanya da na ɗorawa abincin birai ne da jemagu da tsuntsaye, furensu na ƙudan zuma ne, kogon tsohon icce nan cilakowa ke ƙwai, inuwarsa da duhuwar gindinsa nan gada da mazo ke fakewa da rana. In an kwashe manyan itatuwa sai ciyawa ta samu sarari ta yi tsawo, wutar rani ta samu abinci ta ƙara zafi, ta kashe 'yan tsiron da za su maye gurbi. Hanyar da motar gawayi ta buɗe cikin daji kuma ita maharbi ke bi da babur da fitilar goshi. Shi ya sa za ka yi awa biyu tsakanin Kintampo da Yapei, da rana tsaka, abin da za ka gani mai rai bai wuce balbela a bayan shanu ba, da shirwa, da kurege ya gilma a guje. In ka yi sa'a ka hangi jan biri ko garken zabin daji. Burtu, baƙin tsuntsun nan mai tafiya a ƙasa da tsofaffin direbobi ke ba da labarin suna gani a kan hanya, yanzu sai a cikin gandun da ake tsaro.

Mu tuna fa sunanmu ma sunan hanya ne. Zango wurin da ayari ke sauka ne ya kwana. Kakanninmu fatake da ke tasowa daga Kano da Katsina da jakuna su nufi Gwanja neman goro, su sauka Salaga, daga baya Kintampo, wannan daji suka ratsa wata da watanni, kuma madugu ba ya barin a kwanta sai an kewaye dabbobi da ƙaya an hura wuta saboda kura da zaki. Yau a gandun Mole kansa, wanda ya fi kowane gandun daji girma a Ghana, masu bincike sun kafa kyamarori tsakanin 2006 da 2009, ba su ɗauki hoton zaki ko ɗaya ba.

Gawayi ba shi kaɗai ba ne, kuma ba zan ɗora wa mai koko laifin manya ba. Duk wanda ya bi hanyar nan a shekarun 2010 ya ga tireloli da kwantena cike da gungumen madobiya, jan iccen nan da masu kayan ɗaki a China ke rububi. Gwamnati ta sa haramci tun 2012, ta ɗage, ta sake sawa, har zuwa na 2019, amma motoci ba su daina wuce shingayen jami'ai ba. A 2019 ƙungiyar bincike kan muhalli ta EIA ta ƙiyasta cewa sama da itatuwan madobiya miliyan shida aka sare a Ghana daga 2012. Gwamnati ta musanta adadin, amma kututturan suna nan a Damongo da Bole da Tumu ga mai son ƙirgawa. Wannan ta'adi ba talaka ya yi shi ba, masu takarda da hatimi ne. Sai dai injinan yanka da aka shigo da su lokacin madobiya ba su koma ba, da madobiya ta yi wuya sai suka juya kan kaɗanya. A 2021 majalisar sarakunan yankin Savannah ta sanar da haramta sarar itace da ƙona gawayin kasuwa a duk yankin. Magana ce mai kyau, amma muddin mai saye na jira a Ankara da Kumasi, buhu zai nemi hanyarsa zuwa bakin titi.

Sai wuta. Wanda ya yi tafiyar a Disamba ko Janairu zai ga ƙasa baƙa daga bakin kwalta har iyakar gani, shirwa na shawagi a kan hayaƙi tana cafke fara. An saba ɗora wa Fulani makiyaya, kuma akwai masu sa wuta don sabuwar ciyawa ta fito, amma duk mazaunin Tamale ya san motocin samari masu kulake da karnuka da ke fita farautar gayya da rani, su kewaye daji da wuta saboda zomo da gafiya, su bar gonar shinkafar wani tana ci. Dokar hana ƙona daji tana nan tun 1990, an yi ta ne da tunanin gobarar 1983 da yunwar da ta biyo baya, wadda dattawanmu har yau ba sa son tuna ta. Yawancin samarin nan sahu ɗaya muke tsayawa da su ranar Juma'a.

Akwai kuma tsuntsu ɗaya da maganarsa ta fi kowacce shafar mu kai tsaye, wato ungulu. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya girma yana ganin su jere a kan rufin mahauta da kasuwa, a Kumasi, a Techiman, a Tamale, a Bolga, har suna bin mahauci a ƙasa kamar kaji. Babu mai kallon su sau biyu. To, mai karatu ya tambayi kansa yaushe rabon da ya ga goma a wuri ɗaya. Wannan ungulu ta gari tun 2015 aka sa ta a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Gyaran mahautu ya rage mata abinci, sare dogayen itatuwa ya rage mata wurin sheƙa, gubar da ake sa wa mushe don karnuka ko kuraye tana kashe ta da yawa a lokaci guda. Amma babban abin da masana ke nunawa da yatsa a Afirka ta Yamma shi ne cinikin kanta da ƙafafunta da ƙwanta don magani da asiri. A 2020 an tsinci gawar ungulu sama da 2,000 a Guinea-Bissau, an sa musu guba, da yawa an cire kawunan.

Kada mu yi kamar ba mu san inda irin kayan nan ke ƙarewa ba. Ka shiga layin masu magani a kasuwar Timber a Ankara, ko a Kumasi, ko Tamale, ka dubi shimfiɗa: busasshen kan ungulu, hawainiya, fatar mesa, ƙayar beguwa, kan biri. Ba duka masu shimfiɗar ne namu ba, amma da Hausa ake ciniki a da yawa daga cikinsu, kuma babbar kasuwar kayan tana Najeriya, ta hannun 'yan uwanmu suke bi su ƙetare iyaka. Mai saye kuma wani lokaci ɗan kasuwa ne mai neman sa'a, ko ɗan siyasa gab da zaɓe, ko uwar da aka gaya mata kan ungulu zai buɗe wa ɗanta ƙwaƙwalwa. Ni ban ga yadda mutumin da ke ƙyamar gada don ba a yanka ta ba zai ba da kuɗinsa a kan ungulun da guba ta kashe ba. Asarar kuma ba ta tsuntsu kaɗai ba ce. Indiya ta rasa kusan duk ungulunta daga shekarun 1990 saboda wani maganin shanu da ke kashe su in sun ci mushe, sai karnukan titi suka gaji aikin, suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Al'ummar da sana'arta fawa ce da kiwo ita ya kamata ta fi kowa jin tsoron wannan.

To ina masu rai suke? Suna nan, kuma inda suke akwai abin lura. Daga Techiman in ka ratse wajen Nkoranza akwai ƙauyukan Boabeng da Fiema, inda birai ke shiga tsakar gida su ɗauki ayaba, in ɗaya ya mutu a sa shi a akwati a binne. A Paga, ƙarshen tafiyarmu, kada ke fitowa daga tafki a ba shi ɗan kaza, baƙo ya riƙe wutsiyarsa a ɗauki hoto, yara na wanka a gefe. Na san abin da namu zai ce: ai wannan tsafi ne. Ba na kiran kowa ya ɗauki aƙidar wani. Abin da nake nunawa shi ne dabba na rayuwa ne a inda mutanen wurin suka yanke shawara a bar ta, ko mene ne dalilinsu. A Boabeng da Fiema ma, da tsohuwar al'ada ta fara rauni a shekarun 1970 wasu suka fara harbin biran, dokar ƙaramar hukuma aka nema a 1975 ta tsaya musu. Mu da muke da sarakunan zango da limamai da sarakunan fawa da shugabannin tasha, waɗanda in sun yi magana ana ji, wace dabba ɗaya muka taɓa cewa a bari?

Wanda ke da kwana ɗaya na ƙari ya sauka a mararrabar Fufulso ya bi titin Damongo, wanda aka gama shimfiɗa wa kwalta har Sawla a 2015. Bayan Damongo kaɗan sai Larabanga, garin Musulmi mai tsohon masallacin ƙasa da duk ɗan makaranta a Ghana ya san hotonsa, daga nan 'yan kilomitoci ne zuwa ƙofar Mole. Gandun ya haura murabba'in kilomita 4,500, kuma tun 1971 yake da matsayin gandun ƙasa. Da rani, da sassafe, jami'i mai bindiga zai sa ku a gaba ku gangara da ƙafa zuwa bakin tafki, ku tsaya giwaye na wanka a gabanku, ga mariya da gwambaza da mazo, ga mugun dawa na kiwo a durƙushe, gwaggon biri kuwa sai ka riƙe ledarka da kyau. Abin takaici, in ka dubi masu wannan tattaki, Turawa ne da ɗaliban makarantun kudu. Makarantun Islamiyya nawa ne a Nima ko Asawase ko Ashaiman suka taɓa haɗa kuɗin bas suka kai yara su ga giwa da masallacin Larabanga a tafiya ɗaya? Yaron da ya san kura da gizo da ɓauna a tatsuniyar kakarsa kawai, ba zai ji zafin ɓacewarsu ba.

Akwai masu cewa wannan duk maganar ƙoshi ce, kuma ba zan raina hujjarsu ba. Matar da ke ƙona gawayi a Kadelso ba don ƙiyayya da bishiya take yi ba. Damina ɗaya ce a arewa, wata shida babu abin shiga, ga kuɗin makaranta ga asibiti, kuma a cikin kuɗin buhun nan ita ce mai ƙaramin rabo bayan mai ƙasa da mai mota da dillali da na kan shinge sun ɗauki nasu. Gas ya yi tsada, tukunyarsa sai ka tara kuɗi a dunƙule alhali gawayi ana sayen na sidi kaɗan a leda, kuma tun fashewar Atomic Junction a 2017 akwai masu gidan haya da ba sa son ganin tukunyar gas a tsakar gida. Manomin Nabdam ko Zebilla da giwayen da ke gangarowa daga Burkina Faso ta dajin Tilli suka tattake masa gona a dare ɗaya, in ka ce masa giwa abin sha'awa ce sai ya ɗauke ka mahaukaci, kuma yana da gaskiya muddin babu mai biyan sa diyya. Amma hujjar talauci tana yanka ta ɓangare biyu. Kaɗanyar da aka ƙone kuɗin mace ce: ita ke tsintar 'ya'yan a farkon damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ta sayar ko ta yi man kaɗe. Gawayinta sau ɗaya za a ci kuɗinsa. In kaɗanya ta yi nisa da gari, 'yar da za ta taya uwarta tsinta ita ce za ka gani da kwano a ka a Kejetia ko Agbogbloshie tana kayayo, kuma a barandar shagunan unguwanninmu take kwana.

Ba na cewa gobe kowa ya jefar da kurfoti. Mai tsire zai ce maka naman gas ba tsire ba ne, kuma na yarda da shi. Amma tsakanin jefarwa da halin da muke ciki akwai fili mai faɗi. Murhun Gyapa mai yumɓu a ciki ya fi shekara ashirin a kasuwa, yana rage cin gawayi sosai, kuma duk da haka sai ka shiga gida mai ɗaki goma ka tarar da tsohon kurfotin ƙarfe a kowace ƙofa, iska na kwashe rabin wutar. Masu dafa abincin sayarwa, waɗanda buhu ba ya yi musu kwana uku, su ne ya kamata adashin mata da ƙungiyoyin unguwa su fara taimaka wa da tukunyar gas, kuma Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, in yana neman aikin da za a gani a kowace safiya, ga shi nan. Ana gawayi da ɓawon kwakwa da dusar katako a ƙasar nan, ga ɓawon kwakwa tsibi-tsibi a kowace kwata ta Ankara. Gwamnati kuma, maimakon dashen bikin da aka fara a 2021, a dasa a Yuni wuta ta cinye a Disamba, ta bai wa ƙauyukan hanyar Kintampo filin itatuwa masu saurin girma da za a riƙa sara don gawayi, a sa wa buhunsu alama, a sauƙaƙa musu haraji, a tsananta wa na kaɗanya. Dillalan gawayi na zango sun san gawayin kaɗanya da ido. In ƙungiyarsu ta ce ba ta sauke shi, mai ƙonawa zai ji a mako ɗaya, abin da sanarwar sarakuna ba ta yi ba a shekaru.

Maganar ungulu kuwa ba ta buƙatar ko sidi ɗaya daga gwamnati. Wuraren da ta rage a garuruwa su ne mahautu da kasuwannin dabbobi, Tulaku, Kumasi, Techiman, Buipe, Tamale, Bolga, kuma kusan duka a hannunmu suke. Masu kama ta a nan suke zuwa su ɗana tarko ko su ajiye nama mai guba, a gaban idon yaran mahauta, wani lokaci ma su ba yaran 'yan kuɗi su kama musu. Sarkin fawa da ke iya hana mutum yanka saboda ya karya ƙa'idar sana'a, zai iya cewa daga yau wanda aka gani da ungulu a harabar nan ya bar wurin, kuma a bar dogayen itatuwan da ke kewaye da mahauta a tsaye. Limamin da ke wa'azi a kan masu zuwa wurin boka zai iya ambaton abin da ke cikin ƙullin da bokan ke bayarwa. Shugabannin masu maganin gargajiya, waɗanda da yawansu mutanen kirki ne masu sanin saiwa da ganye, su tsame sana'arsu daga wannan, su fara da shimfiɗun da ke ƙarƙashinsu a Timber da Kumasi da Tamale kafin ma'aikatan gandun daji su zo su yi musu da ankwa.